Hadarin da Ya Taso Daga Yamma

Wan matata mutumin kirki ne, kuma wannan shi ne babban abin da ya hana ni sakewa da shi. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Amma mutum ne mai fara'a, mai kyauta, ba ya ɗaga murya, ga shi da ƙatuwar farar mota wadda in ta shigo lungunmu a unguwar Mansur sai yara sun manne da bango. Ni kuwa keke gare ni.

A nan Makka aka haife su, shi da matata. Kakansu ne ya zo aikin Hajji ya zauna. Ni daga Kano na zo karatu, karatun ya ƙare ban koma ba, na yi aure, na sami aiki a wani masaukin masu Umara a Jarwal, ina tarbar baƙi ina yi musu tafinta. Lokacin sanyi ne masu Umara suke cika gari, don haka in na fita da safe ba na dawowa sai 'yata ta yi barci. Ita kaɗai Allah ya ba mu a lokacin. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata.

Shekarar da ta shiga aji ɗaya, makarantarsu ta zo a kan hanyata ta zuwa aiki, sai na ce ni zan riƙa kai ta, uwarta ta ɗauko ta da rana. Na yanko soso daga wata tsohuwar katifa na ɗaure a kan kariyar keken, na rufe shi da guntun darduma, na sa wani mai walda ya yi mata wurin ɗora ƙafa don kada tayar ta kama mata siket. Da na gama na ja baya na dubi aikina, ban ga abin da wata mota za ta nuna min ba.

Wannan tafiyar ta safe ita ce rabona a cikin yarinyar nan, ba ni da wani. A gida Larabci take yi da uwarta, Larabci a makaranta, Larabci da 'yar kawunta, har mafarki na san da Larabci take yi. Amma da zarar ta hau bayana ta cusa hannuwanta a aljihun rigata, sai Hausa ta zo mata. Ban taɓa sa mata doka ba. Ina jin dai ta ɗauka keken ne ba ya jin Larabci. Hausar tata a karkace take, rabi da rabi, amma tawa ce.

"Baba, jiya abla ta yi fushi marra."

"Me kuka yi mata, Uwata?"

"Ba mu ba ne, wata binti ce ta zubar da asir a kan daftar."

Wato malamarsu ce ta yi fushi sosai, don wata yarinya ta zubar da lemo a kan littafi. Haka za ta yi ta zuba a cikin bayana, ina jin ɗumin bakinta ta cikin riga. Na san wace malama ce take da kirki, wace yarinya ce mai kuka, wa aka yi wa sabon takalmi. Na san tana tsoron baƙin karen nan da yake kwanciya a gindin dutse kusa da masu faci, har in mun zo wurin sai ta yi shiru ta ƙanƙame ni. Ni kuma, Allah ya yafe min, nakan rage gudu a daidai wurin.

Sanyin Makka ba shi da alƙawari. Yau ka fito da asuba iska tana yanka kunne, kafin azahar kana neman inuwa. Gobe ka naɗe yarinya da rigar sanyi da hula da safa, ku fito ku tarar da gari lum, ta isa makaranta tana gumi tana hararar ka. Jibi ka ce ka gane, ka bar rigar a gida, iska ta taso daga tsakanin duwatsu ta bi ku har ƙofar makaranta. Na gaji da wannan wasan, sai na rataya leda a ƙahon keken, a ciki akwai rigar sanyinta da hula da wata babbar leda da na huda wa wurin kai saboda yayyafi. Mutanen garin kuwa, da iska ta ɗan kaɗa sai ka ga ƙato ya sha rigar gashi har ƙasa yana rawar ɗari. Ina wuce su a kan keke da 'yar shara ina yi musu dariya a zuci.

Wan matata yana da 'ya a makarantar, ta girmi tawa da kaɗan, kuma gidansu ba nisa da namu. Tun farkon shekara yake min tayin ɗaukar Uwata a motarsa.

"Ya ustaz, ka bar sikal ɗin nan ka huta. Ga wuri a sayyara, hanya ɗaya ce."

"Na gode, Yaya. Ai muna jin daɗinsa."

"Wallahi ba takura. Bintina ma za ta samu abokiyar hira."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, na sani. Ni ma na yi godiya da baki ɗaya, zuciyar dai ban ba shi ba. Duk ranar da ya wuce mu a hanya sai ya danna hon a hankali ya ɗaga hannu, Uwata ta saki aljihuna da hannu ɗaya ta ɗaga masa tana kiran "Khali", yadda yaran nan suke kiran kawu. Har motar ta ɓace ina jin gefen da ta saki ya yi sanyi.

A garinmu kowa ya san inda ruwa yake fitowa. Gabas ake dubawa. In gabas ta haɗe ta yi baƙi, mata su kwashe shanya, a kora awaki ɗaki. In kuwa a yamma ka hangi hadari, wannan ya riga ya wuce ka, na mutanen gaba ne, ci gaba da nomanka. A gona na koyi wannan wajen mahaifina, kuma ban taɓa ganin ya ba mu kunya ba. Shekarun da na yi a Makka kuwa, ruwan da ake yi jefi-jefi yakan same ni ne a cikin aji ko a cikin masauki, sai dai na ji shi a kan rufi. Ban taɓa tsayawa na ga ta inda yake tasowa ba, ban kuma taɓa jin ina buƙatar tambaya ba. Da na fara ɗaukar yarinya a keke, sai na mai da shi al'ada, kullum bayan sallar asuba in hau saman bene in dubi gabas.

A wannan sanyin wayoyi sun yi ta aiko da gargaɗi. A ce za a yi ruwa mai ƙarfi, wani lokaci har a rufe makarantu yara su zauna a gida, sai rana ta fito ta ƙwalle, ko ɗigo ba a gani ba a unguwarmu. Ni kuwa duk ranar na riga na duba gabas na ga ba komai, sai in sauko in ce wa matata ba za a yi ba, kuma ba a yi ɗin. Kaina ya yi girma. Har na fara jin ni kaɗai ne a Mansur na san sama.

Ranar da abin ya faru ba a rufe makaranta ba. Ina ɗaura wa Uwata takalmi wayar matata ta yi ƙara, na ji muryar wanta. Ta sauke wayar ta dube ni.

"Malam, Yaya ya ce yau akwai maɗar, za a yi ruwa. Ya ce zai biyo ya ɗauke ta."

"Yanzu na sauko daga sama. Garau take."

"Ya ce jawwu, yanayin gari, ya canza tun dare."

"Ki ce masa mun gode."

Gaskiya na faɗa. Gabas fes take, har wani ja-ja take yi mai kyau a bayan duwatsu. Yamma kuwa ban juya ba, kuma ko da na juya, benen maƙwabta ne da dutse a bayansa. Na ɗora yarinyata muka fita, ina jin daɗin na sake hana motar nan tsayawa a ƙofata.

Hanyarmu gabas take fuskanta, don haka ina tafe ina kallon sararin da ya ba ni gaskiya. Iska ce dai ta zo ta bayanmu tana tura mu, har na daina taka feda a wani wurin, na ce yau Allah ya ba mu direba. Mun wuce masu faci ke nan Uwata ta ja min riga.

"Baba, bayanmu ya yi baƙi."

Na waiga. Ya yi baƙi ƙirin kuwa, tun daga kan duwatsu har tsakiyar sama. Na yi murmushi irin na wanda ya sani.

"Wannan ya wuce, Uwata. Hadarin yamma ba ya dawowa. Na mutanen Jidda ne."

"Amma yana bin mu."

"Gani kike yi."

Ba mu kai danja ta gaba ba ɗigon farko ya faɗo min a wuya, mai nauyi, mai sanyi. Na tsaya na zura mata ledar nan mai wurin kai, ina cewa yayyafi ne. Kafin na sake hawa, gari ya rufe. Ban taɓa ganin ruwa ya sauko haka ba tare da sallama ba. Kuma ruwan sama ba shi ne abin tsoro a Makka ba, na ƙasa ne. A Kano ƙasa takan sha ta ƙoshi kafin ta bar saura ya gudu. Nan dutse ne, ba ya shan komai, duk abin da ya zuba a kansa titi yake miƙo wa. Muna cikin wata gangara sai na ga ruwa ja yana saukowa daga lungunan sama, ɗauke da kwalaye da robobi da takalman mutane, ya kai min idon sawu, ya kai ƙwauri. Keken ya fara zamewa a ƙarƙashina.

Na sauka na sungume ta, na saki keken. Akwai shagon wani mai gasa tamis, burodin nan mai faɗi, da matakala uku a ƙofarsa. Nan na haye da ita. Mutumin bai tambaye mu komai ba, ya matsar da buhun fulawa ya zaunar da ita kusa da tanderu. Na koma na jawo keken daga inda ya maƙale a jikin turken fitila, ledar da take ƙahon ta tafi da rigar sanyin da hular. Wayata ta sha ruwa ta mutu.

Uwata ba ta yi kuka ba. Tana zaune tana karkarwa, leɓenta ya yi fari, tana riƙe da guntun tamis mai zafi da mutumin ya ba ta, tana kallon titi ya zama kogi. Na durƙusa ina murza mata ƙafafu ina ce mata jaruma ce, jikar manoma, ruwa ba ya ba mu tsoro. Ta gyaɗa kai. Na ji alfahari a raina, na ce yarinyar nan jinina ce.

Sai ga farar motar tana keta ruwan a hankali, fitilu a kunne. Ashe da matata ta kira ni ba ta samu ba, wanta ta kira, shi kuma ya ajiye tasa 'yar a gida ya biyo hanyarmu lungu-lungu yana dubawa. Ya fito da rigar gashin nan da nake yi wa dariya, ya hayo matakalar. Uwata tana ganinsa ta yar da tamis ɗin ta ruga ta faɗa jikinsa ta fashe da kuka. Kuka sosai, da shessheƙa, tana ba shi labari da Larabci, ruwa ya zo, keke ya faɗi, ta ji tsoro. Ya buɗe rigar ya naɗe ta a ciki yana cewa "Khalas, ya habibti, khalas." Ina tsaye da ruwa yana ɗiga daga gemuna. Ashe tsoron yana nan tun ɗazu, ajiye shi ta yi sai wanda za ta ba ya zo.

Ya ce in shigo mu tafi, a sa keken a baya. Na ce zan turo shi. Ya roƙe ni, na ƙi. Na tura kekena cikin ruwa har Mansur, ina tafe ina jin haushin mutumin da ya fito cikin wannan ruwa don ya ceci 'yata.

Mutanen Makka suna da al'ada, in an yi ruwa sai an dafa ma'adus, shinkafa da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a ci da busasshen kifi. Da na iso gida na tarar har matata ta ɗora, wanta ya aiko an kawo kifin, yarinya ta yi wanka ta sha magani tana kwance a cinyarsa. Gidana ne, amma sai da na yi sallama na tsaya kamar mai jiran izini. Aka shimfiɗa leda aka zuba abinci. Ba wanda ya yi min faɗa, kuma da an yi da ya fi min sauƙi.

Muna cikin ci ya ce, "Ya ustaz, amma ba ka ga hadarin ba da safe? Tun asuba yake tsaye."

"Na hau sama na duba. Babu komai a gabas."

Ya tsaya da loma a hannu. "Gabas?"

"Gabas mana. Ta ina ruwa yake zuwa?"

Ya dubi ƙanwarsa, ta dube shi. Ya yi ƙoƙari ya riƙe dariyar, na ba shi wannan, amma ta fi ƙarfinsa.

"Wallahi ka yi haƙuri. Nan na sanyi daga bahar yake zuwa, ta wajen Jidda. Kullum ta can. Yara ma sun sani."

"Na gaya masa yana bin mu," in ji Uwata daga cinyarsa, da Larabci.

Har yau ina nan kan bakana, abin da mahaifina ya koya min daidai ne, garin ne ya juya wa hadari hanya. Amma ranar na ci gaba da tura shinkafar da ba na jin ɗanɗanonta. Matata ta gyara zama, ta yi magana a hankali, da muryar da take yi in ta riga ta gama shawara.

"Malam, ka bar ta ta riƙa bin Yaya. Har sanyi ya wuce kawai."

Yarinyar ta yi atishawa a daidai lokacin. Me zan ce? Na ce to.

Abin haushin, tun daga ranar ba a sake yin ruwan kirki ba. Gari ya yi daɗi irin wanda ban taɓa gani ba. Iska mai laushi da safe, gajimare fari-fari, duwatsun nan da na sani baƙaƙe tun zuwana suka fito da ciyawa suka yi kore shar. Safiyar da aka yi don a ɗauki yarinya a keke, ita ce nake fita ni kaɗai. Ban cire soson ba. Keken ya yi min sauƙi a hawa, na tsani sauƙin. In na zo wajen karen nan sai na ga ya ɗago kai ya dube ni, ni ma in dube shi, kowa ya kama gabansa.

Na koma ina jinkirta fita don in ga tafiyarsu. Zan tsaya a ƙofa ina taɓa sarƙar keke kamar wani abu ya lalace, motar ta zo ta tsaya, ya sauke gilashi ya gaishe ni da fara'arsa, Uwata ta fito da jaka ta ce "Ma'assalama, Baba," ta shige. Ƙofa ta rufe da wannan ƙarar mai taushi ta motoci masu tsada. Daga nan ban san me ake cewa a ciki ba, kuma rashin sanin ya fi komai ci na.

Wata safiya na bi su. Ba niyya na yi ba, hanyarmu ɗaya, amma na taka fiye da yadda na saba. Cunkoso ya riƙe su a danja, na kutsa ta tsakanin motoci har na zo daidai tagarta. Tana zaune a baya ta miƙo kai tsakanin kujeru, tana ba kawunta labari da hannu biyu, yadda take yi in labarin ya kai wurin daɗi. Na san wannan fuskar ko da ban taɓa ganinta ba, don a bayana take yin ta. Na kaɗa ƙararrawa. Gilashi a rufe, ba ta ji ba. Na sake kaɗawa. Shi ne ya hango ni ta madubi, ya sauke gilashin ya ce mata, "Shufi, duba, ga Baba." Ta juyo ta ɗaga min hannu tana murmushi, ta koma ta ƙarasa labarinta. Danja ta ba da hannu suka tafi. Wato har ganina ma sai ya nuna mata.

Ranar wata Juma'a wan matata ya kwashe su duka, da matata, suka fita wajen gari ta hanyar Arfa kallon ciyawa. Ina wurin aiki, wata tawaga ta sauka. Da daddare matata ta nuna min hotuna a waya. Ga Uwata a kan wuyansa, ta riƙe masa kunnuwa, bayansu dutse kore. Da safe na tambayi Uwata yadda wurin yake, na zauna sosai don in ji labari.

"Ya yi kyau," ta ce.

"Me kuka gani?"

Ta buɗe baki, ta nemi kalmar ba ta samu ba, ta juya wajen uwarta ta ƙarasa da Larabci. Raƙuma suka gani, da wani ɗan ƙarami da yake bin uwarsa. Ina jin Larabci sarai, da shi nake cin abinci. Amma ba da ni ake maganar ba.

Da ta fita na ce wa matata sanyi ai ya kusa wucewa. Ta ce ai zafi ne yake tafe, kuma zafin Makka ba na ɗora yarinya a keke ba ne, ga mota da sanyinta. Na ce ba haka muka yi ba. Ta ajiye kofin da take wankewa ta dube ni da kyau.

"Malam, wai kishi kake yi da Yaya?"

"Eh."

Ta zaci zan musa. Ta ce, "Mutumin da yake taimakonmu?"

"Shi ɗin."

"To motar kake wa kishi ko me?"

Na ce mata ko yau aka ba ni mota irin tasa ba abin da nake nema ba ke nan. Ni bayana nake so a riƙe. Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta daina. Ta ce yarinya ai tawa ce, ba wanda zai canza mata uba. Na san haka. Ba uban nake tsoron a canza ba, wanda ake ba labari nake tsoro, kuma wannan an riga an canza shi.

Ana cikin haka wata rana wan matata ya kira ya ce gobe da sassafe zai tafi Jidda, 'yarsa ma ba ta jin daɗi ba za ta je makaranta ba, ko ustaz zai taimaka ya kai yarinya. Ko zan taimaka. Na haɗiye wannan ma, don murnar ta fi haushin yawa. Na wanke keken, na sa wa sarƙa mai, na kaɗe ƙurar da ta taru a kan dardumar. Da asuba na hau sama na duba gabas, na zagaya ta bayan tankin ruwa na leƙa yamma ta ɗan tsakanin benaye. Ko'ina garau. Iska mai ɗan sanyi, irin wadda rigar makaranta kaɗai ta isa.

Uwata ta fito ta tsaya tana kallon keken. Na ɗaga ta zan ɗora, ta ce za ta iya, ta hau da kanta. Ƙafafunta sun ƙara tsawo, gwiwoyinta suna taɓa ni. Na jira hannuwan su shigo aljihu. Ta kama ƙarfen da yake ƙarƙashin sirdi.

"Ki riƙe ni, Uwata, akwai gangara."

"Na riƙe nan, Baba."

Muka tafi. Na tambaye ta abla, ta ce lafiya. Na tambayi yarinyar nan mai kuka, ta ce ta daina. Na ce wa aka yi wa sabon takalmi, ta yi 'yar dariya ta ce ba ta sani ba. Ba fushi take yi ba, ba kuma tsoro ba. Tana zaune a miƙe, da ladabi, tana amsa duk abin da na tambaya, ni kuma ina ta tono tambayoyi har suka ƙare. Sauran hanyar ƙarar taya a kan kwalta kawai nake ji. Na bi ta doguwar hanya ko wani abu zai zo mata, bai zo ba.

A ƙofar makaranta ta sauka, ta gyara siket, ta saɓa jaka. Da can tsalle take yi ta ruga, sai na ƙwala mata kira ta dawo ta karɓi abincinta. Yau ta zagayo gabana ta tsaya, ta haɗa hannuwa.

"Allah ya'aɗikal afiya, Baba. Mun wahalar da kai."

Na san maganar. Uwarta ce ta koya mata a ƙofar gida, ranar farko da za ta shiga motar, ta ce duk wanda ya rage miki hanya haka ake ce masa. Yarinyar da na ɗauka a bayana safiya bayan safiya ba ta taɓa yi min godiya ba, ban kuma taɓa lura ba sai yau da ta yi.

Na daure na yi murmushi. "Madalla da Uwata. Haka kike ce wa Khali kullum?"

"A'a," ta ce. "Shi ya ce in daina. Ya ce baƙo ake yi wa godiya."

Aka buga ƙararrawa, ta shige cikin yara. Na tsaya riƙe da keken har mai gadi ya ce in matsa, motoci suna son tsayawa.